Zuwa Ga Wanda Ya Miƙe Tsaye Cikin Jirgi

Assalamu alaikum, Baban Nazifi.

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Hankalina bai taɓu ba, ko da yake ƙannenka mata sun fara yi mini irin kallon nan. Sai dai tun da aka kawo ni gidanka, idan raina ya ɓaci kai nake fara gaya wa, kuma mutuwarka ba ta raba ni da wannan hali ba. Ka yi haƙuri ka saurara. Da ma can ba ka cika katse ni ba.

Muna cikin goman ƙarshe na azumi, zafin Mafara kuwa ka san shi, ko bango ka jingina da shi sai ka janye bayanka. Ƙanenka Sani ya shuka shinkafa a gonarka ta bakin kanal, ta yi kyau, amma ruwan yana zuwa yana ɗaukewa kamar yadda ka bar shi. Ɗiyarka ta Bakura ta sauka lafiya, namiji, an mayar masa da sunanka. Bakina ya kasa kiransa, sai na ce Angona. Yayarka ta Janbako ba ta samu zuwa suna ba, hanyar ba ta biyuwa a lokacin, ta aiko da man shanu, ta yi kuka a waya. Ni kuma na koma makaranta bayan na fita takaba. Ina tsayawa gaban 'yan mata ina koyar da su, alli a hannuna, hankalina yana bakin dam.

Duk ba wannan ya sa na zauna rubutu da azumi a bakina ba. Jirginka ne. An tsamo shi, an gyara injin, an yi masa sabon fenti. Da aka yi rabon gado ya faɗo a kason Nazifi. Ya ce ranar Sallah zai mayar da shi ruwa, shi da kansa zai tuƙa. Ɗanka, Baban Nazifi. Ɗana. A kan ruwan da ya ci ka bara.

Tun da ya faɗa mini na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya in manta, in ɗauki littafi in karanta shafi guda sau uku. Kuma duk lokacin da na bi maganar zuwa tushenta, kai nake tararwa a tsaye.

Ka tuna da ka ajiye aikin noman rani ka ce jirgin inji za ka saya, ka riƙa zagayawa da mutane cikin dam ranakun Sallah da hutun mako? An yi maka dariya. Ni ma na yi. Ka ce mutanen ƙasar nan sun sha wuya, kasuwa da tsoro, gona da tsoro, ya kamata a ce akwai wuri guda da magidanci zai kai iyalinsa su sha iska su ga faɗin ruwa. Da na ga da gaske kake sai na daina dariyar, don na san ka. Ba ka yin abu rabi. Ka je ka zauna da Sarkawa masu su, ka koyi inda kututturan itatuwa suke a nutse, ka nemi takardun dokokin ruwa ka kawo gida muka karanta tare, ni ina fassara maka inda Turancin ya yi tsauri. Har yau ina iya jero su. Ba mai shiga sai da rigar ceto, a ɗaure, ba a rataye ba. In kujeru sun cika sun cika, ko surukinka ne ya zo sai ya jira. Ba a matsawa kusa da ƙofofin dam. In iska ta taso ko rana ta yi ƙasa, a koma gaɓa. In jirgi biyu sun haɗu, kowa ya riƙe damansa, a rage wuta, a bar tazara. Sai babbar dokarka, wadda ka sa aka rubuta da jan fenti a jikin kowane benci: a zauna. Ka ce jirgi yana yafe abubuwa da yawa, amma ba ya yafe wa wanda ya miƙe.

Ba kai ne ka juyo da jirgi cike da mutane ka sauke wani saurayi ɗan masu hali ba, don ya tashi zai ɗauki kansa hoto da waya? Ubansa ya yi wata guda ba ya amsa sallamarka. Ka dawo gida kana dariya, ka ce gara ya ƙi ka da ɗansa a raye. Na ji daɗinka ranar, ban faɗa maka ba.

To me ya same ka washegarin Sallah?

Ni ban je ba, amma Nazifi ne a kan inji, kuma na sa ya ba ni labarin har na haddace. Ka fita da farar shaddar nan, babbar riga da 'yar ciki, ɗauko ta daga wajen masu bugu ke nan, tana ƙara in ka motsa. Ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya ka ɗaure musu rigar ceto, har kana jan igiyar ka ji ta kama. Taka ka tura ƙarƙashin benci. Wai daga nan gaisuwar Sallah za ka wuce, kada igiya ta yamutsa maka bugu. Kuka yi nisa, sai ga kwale-kwale ya fito daga ɓangaren Maradun, ciki har da Malam Isah na Dakko, malaminka tun kana riƙe da allo har ka yi furfura kana ɗaukar littafi a zaurensa. Ya bi ta ruwa ne saboda hanyar mota ba ta da tabbas. Ka ce wa Nazifi ya matsa kusa. Ya matsa, don ubansa ne ya ce. Ka cire takalmi, a cikin jirgi, ka miƙe, ka rusuna, ka miƙa hannu biyu.

Rabin mazan da ka ɗauko ɗaliban Malam ne, sauran kuma ba za su ga mai jirgi a tsaye su ci gaba da zama ba. Duk suka tashi, duk suka yi gefe ɗaya, kowa yana neman hannun Malam. Ko lafiyar iyali ba a kai ga tambaya ba jirgin ya kife.

Kowa ya taso sama kamar gora. Mata, yara, har da tsohon da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Rigunan da ka ɗaure musu da hannunka suka riƙe su har masunta suka iso. Kai kuwa, da ka tashi a bakin gulbi, kai da kake ƙetare shi da damina tun kana yaro, babbar rigarka ta sha ruwa ta naɗe maka kai da hannuwa. Sai dab da magariba Sarkawa suka fito da kai.

Ka ɗaure kowa ka bar kanka. Da wane suna zan kira wannan?

Garin nan ya riga ya ba shi suna. Wai ladabi. Tun ranar zaman makoki nake jin labarin yana girma. Mata su shigo su ce in gode Allah, mijina ya yi shahada, ya cika yana gaida malaminsa, wa ya kai shi dace. Na amsa da amin, kaina a ƙasa. Kada ka yi mini mummunar fahimta: ban yi jayayya da ƙaddara ba, na san kwananka ne ya ƙare, ina kuma fatan shahadar ta tabbata. Amma kwanan baya ina wanke-wanke na jiyo wani mai wa'azi a lasifika yana faɗa wa samari su yi koyi da kai, mutumin da ko tsakiyar ruwa bai hana shi miƙe wa malaminsa ba. Kwanon da ke hannuna sai da ya faɗi. Koyi? Su yi koyi da me? Ba wanda ya ambaci jan fentin da ke jikin bencin. Ba wanda ya ce dokarka ce ta fitar da 'ya'yan mutane da rai, karya ta kuma ta kashe ka. Sun ɗauki sa'a guda da ka yi kuskure sun yi mata rawani, shekarun da ka yi kana daidai sun zubar.

Nazifi kuwa ya rungumi labarin nan hannu biyu, kuma na san dalili. Shi ya karkata injin. In abin da ka yi daidai ne, to shi ma bai yi laifi ba. Kullum yana bakin ruwa yana kwance inji yana ɗaurawa, ya rame, ba ya dariya. Ya sayo sababbin rigunan ceto, ya haddace dokokinka ya fi ni. Sai na zaunar da shi na tambaye shi abu ɗaya: in ranar Sallah yana tsakiyar ruwa ya hangi Malam, ko Baffa Sani, ko uban yarinyar da yake nema a Faru, me zai yi? Ya sunkuyar da kai irin naka, sannan ya ce mini ai Inna ba a wuce babba.

Ka ji? Ka ji abin da ka bar mini?

Na yi duk abin da uwa ke yi. Na yi kuka, ya ba ni haƙuri ya fita. Na ce ban yarda ba, ya ce jirgin amanarka ne, in ya ruɓe a gaɓa kamar an binne ka sau biyu. Na ɓoye makullin injin cikin buhun gero, ya kira makaniki aka yi wani. Na je wa Sani da maganar a sayar, ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce Yaya Balki boko ya yi miki yawa, sha'anin ruwa ba na mata ba ne. Na ce masa ruwan dai bai tambayi yayansa ko namiji ne ba. Tun ranar matarsa ba ta aiko da kunun buɗa-baki ba. Ban damu ba, da ma tsami yake yi.

Daga ƙarshe na gane ba jirgin ne abin tsorona ba. Jirgi katako ne. Abin da nake tsoro shi ne gwiwar ɗanka, da take miƙewa da kanta in ya ga furfura. Wannan kuwa ni ban isa in kwance ta ba. Wanda aka miƙe dominsa shi kaɗai zai iya.

Shekaranjiya na hau kabu-kabu zuwa Dakko. Ban gaya wa kowa ba. Na shiga wajen Inna Hajo, uwargidan Malam, ta yi mini iso. Malam ya tsufa, Baban Nazifi, ya tsufa da yawa a shekara guda. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi gaisuwa cikakkiya, ta gajiya da ta ibada da ta iyali da ta ɗalibai, ban tsallake ko ɗaya ba. Da muka gama na ce na zo da tambayar karatu. Na ce a ɗan fiƙihun da na karanta, mai sallar farilla a cikin jirgi, in ya ji tsoron faɗawa ruwa, an yi masa rangwame ya yi ta a zaune. Ya ce haka ne. Na ce to Allah gafarta Malam, in Ubangijin da Ya halicci ruwan Ya yarda a gaishe Shi a zaune a kansa, wane bawa ne ya kai a miƙe masa?

Na zaci zai yi fushi. Na ma so ya yi, don in samu wanda zan yi faɗa da shi. Bai yi ba. Cewa ya yi tun da ya hango ka kana cire takalmi yake cewa ku zauna, ku zauna, har muryarsa ta dushe. Amma wa zai ji? A ƙasar nan in babba ya ce ka zauna, ladabi shi ne ka ƙi. Ya ce tun yana saurayin malami yake hana a tashi masa, ana ɗauka tawali'u ne, ana ƙara tashi. Ya ce tun ranar bai sake shiga jirgi ba, kuma ba ya iya kallon ruwan alwala a buta bai tuna farar rigarka ba.

Na ce to ya faɗa a wajen tafsiri, a lasifika, inda samari suke. Ba a matsayin tawali'u ba, a matsayin hukunci. Ya ce ya yi tunanin haka tun bara. Abin da ya hana shi guda ne. In ya ce miƙewa cikin jirgi kuskure ne, kowa a Bakura da Mafara ya san wa yake nufi. Duk da haka, in bai kama suna ba za a ce nasiha ce ta gaba ɗaya, a yi hamma a wuce. In ya kama, ya tsaya gaban jama'a ya ce wane, ɗalibinsa da ya fi so, ya yi kuskure ranar da ya rasu, kuma kuskuren ya kusa tafiya da rayukan mutane. Mamaci ne, ba ya nan ya kare kansa. Ga iyalinsa suna raye da wannan kyakkyawan labari. Ya ce ba shi da ikon taɓa sunanka sai da izinin masu shi.

Ka ga inda aka kai ni? Sunanka a hannu ɗaya, ɗanka a ɗaya.

Ban yi dogon tunani ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na yi ba. Na ce ya faɗa. Ya kama suna. Ya faɗi rigar da ka tura ƙarƙashin benci, ya faɗi tazarar da ka hana a bari, ya faɗi miƙewar. Amma na roƙe shi ya faɗi sauran ma: cewa duk wanda ya fita da rai ranar, igiyar da ka ja da hannunka ce sanadi. Ya ce ranar rufe tafsiri zai yi, gobe ke nan. Nazifi ba ya fashin rufe tafsirin Malam, kai ka saba masa. Zai zauna a sahun gaba, inda kake zama.

Abin da na zo gaya maka ke nan. Na ba da sunanka ba da saninka ba. Yayarka za ta ce na tona asirin mamaci. Sani zai ce da ma ya faɗa. Matan da suka yi mini barka da shahadarka za su ce ban san darajar miji ba. Su faɗa. Kai fa? In da kana nan, kai da ka sauke ɗan mutane saboda hoto, me za ka ce a yi da mai jirgin da ya miƙe? Na san amsar. Shi ya sa nake jin haushinka haka, don kai ne mutum ɗaya a garin nan da zai goyi bayana, kuma ka tafi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da ka fara zuwa gidanmu, na leƙa ta tagar zaure na ga yadda ka gaida Babana. Ba rusunawar neman aure ba ce, irin wadda ake yi ido yana kan ƙofar cikin gida. Kai da gaske kake tambayar gajiyarsa, kana jiran amsa. A nan na ce wa kaina wannan ne. Masu mota sun zo, na ƙi. Gaisuwarka na aura, Lawali. Ga shi na rubuta sunan, yau ɗaya. Abin da ya kawo ni gidanka shi ya fitar da kai daga cikinsa, kuma ban san yadda zan tsani abu ina son shi ba. Ba na son Nazifi ya zama marar kunya. Ina son ya gaida manya yadda kake yi, a zaure, a kasuwa, a bakin masallaci, ya durƙusa har gwiwarsa ta yi kanta. A ƙasa. Inda in ya faɗi, ƙura kawai zai kakkaɓe.

Kuma da aka shigo da ni kan gawarka aka ce in yafe maka, na ce na yafe duniya da lahira. Ban yi ƙarya ba. Duk wani hakkina na aure na yafe, kuma ba sallar da nake sallamewa ban saka ka a addu'a ba. Amma yafiya daban, hucewa daban. Ban huce ba. Ban san ranar ba.

Ban gaya wa Nazifi ba tukuna. Na yi niyyar in bari ya ji daga bakin Malam, sai na ga ba adalci ba ne ya ji sunan ubansa a lasifika cikin mutane bai shirya ba. Kuma akwai abin da Malam ba zai iya faɗa masa ba sai ni: cewa shi bai kashe ka ba. Umarni ka ba shi ya bi. Amma daga ranar Sallah shi ne mai jirgi, ba wanda ya isa ya ba shi irin wannan umarni, ko waye, ko daga kabari.

Rana ta yi ƙasa, ga ƙarar mashin ɗinsa a ƙofar gida. Zan bari ya sha ruwa, ya yi magariba, sannan in faɗa masa abin da na yi da sunanka. Wataƙila ya tashi ya bar mini abincin. Wataƙila ya yi Sallah a gidan Sani, ya yi wata bai shigo ɗakina ba. Zan iya. Na binne miji, zan iya jure fushin ɗa, in dai a kan ƙafarsa yake yi.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, har da wannan. Ka kwanta lafiya, ni ban samu ba tukuna.

Matarka da ba ta huce ba,
Balkisu.